Ruwan Wankin Turumba

Ranar da Su'ad ta yi arba'in da haihuwa, Zainul'abidin ne zai je ya ɗauko ta daga gidan iyayenta a Fitihab, can tsallaken kogi cikin Umdurman, ya dawo da ita Mayo tare da jaririyarta. Aikin ba na kowa ba ne sai shi. Su'ad matar yayansa ce, Ɗantani, wanda kwalara ta ɗauke a bazara tun cikinta bai gama fitowa ba. Abin da Ɗantani ya bari a duniya bai taka kara ya karya ba: wata tsohuwar amjad, 'yar motar hayan nan mai kama da akwati, sai kuma 'yar da bai gani ba, wadda aka raɗa wa suna Malak.

Amjad ɗin kuwa sai ta zaɓi wannan rana ta ƙi tashi.

Zain ba bakanike ba ne. Makaranta ma rabi ya yi ya ajiye. Ɗan abin da ya sani na mota a gefen Ɗantani ya tsinta, yana miƙa masa sifana yana shan zagi. Amma ya san ciwon. Famfon mai ne, wanda kowa a nan ke kira turumba. Banzin, wato fetur, na kwalba da ake sayarwa a bakin titi, mai haɗe da ƙasa da ruwa, shi ya toshe ta. Da safe ya je kasuwar Suk al-Shabi wurin wani usta, wato babban bakanike. Da mutumin ya faɗi kuɗin sabuwa, Zain ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, ya juyo gida da ƙafa.

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota. Ya sauke tanki shi kaɗai, yana tallafe da shi da gwiwa. Ya zaro turumbar. Rariyar bakinta ta yi baƙi ƙirin, tsatsa da laka sun manne mata kamar ƙanzon tukunya. Ya goga da tsohon buroshin haƙori, ta ƙi fita. Sai ya tuna abin da Ɗantani ke yi. Ya ɗora tsohuwar tukunyar Inna a murhun gawayi, ya tafasa ruwa, ya zuba omo, ya jefa rariyar ciki ya bar ta ta dahu.

Kafin datti ya saki, rana ta tafi. Sama ta yi ja ta wajen Umdurman, kamar an shafa mata lalle an wanke da wuri. Ladanin unguwa ya ɗaga murya, babu lasifika, don wuta ba ta dawo ba tukuna.

Zain ya tsamo rariyar da waya. Fes. Ya ɗaga ta ya ga jan sama ta cikin ramukanta, har ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. Tukunyar kuma tana nan tana huci, ruwa baƙi mai kumfa, banzin na yawo a samansa.

Katangar da ta raba su da gidan Maiturare ta rushe ta gefe guda. Maiturare tsohuwar maƙwabciyarsu ce, ta gudu Gadarif lokacin da yaƙi ya yi zafi, ba ta dawo ba. An cire ƙofofin gidan da tagoginsa. Ciyawa ta cinye tsakar gida. Tattabarun unguwa suna sauka ko'ina, ban da can.

Ya ɗauki tukunyar da tsumma, ya je bakin gurbin katangar, ya watsa ruwan ciki.

Ƙasa ta ce shuu.

Sai wani ɗan sauti ya biyo baya. Siriri. Ba kuka ba ne cikakke. Irin jan numfashin nan ne da yaro ke yi kafin kukan ya iso.

"Zain!" Muryar Inna Hadizatu ce daga ɗaki, ta sallame salla. "Ruwan me ka watsa?"

"Na wanki ne, Inna."

"Da magariba? Mai zafi? Ka yi bismilla? Ka ce dastur?"

Duk ɗan da aka haifa a gidan nan ya san wannan. Ba a zubar da ruwan zafi da magariba sai an ambaci Allah an nemi hanya, don lokacin ne waɗanda ba a gani ke fito da 'ya'yansu shan iska.

"Na ce," in ji Zain.

Ya leƙa ta gurbin. Tururi na tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. A tsakiyar jiƙon akwai sawun tafin hannu guda biyu, ƙanana, ko cikin cokalin miya ba za su cika ba. Bayansu jan gwiwa, irin na mai rarrafe. Sawun ya tsaya nan. Bai ci gaba ba, bai koma ba.

Ya tsaya yana kallo. Kalmar ban haƙuri ta zo masa har baki. Amma in ya faɗa Inna za ta ji, ta san ya yi mata ƙarya. Kuma Su'ad na jira tun azahar.

Ya sa silifas ya turo busasshiyar ƙasa ya rufe wurin. Ya tattake.

Sauran aikin da fitilar waya a baki ya yi shi. Ya mayar da turumba, ya ɗaga tanki ya ɗaure. Wayar wutarta ta asali ta ƙone, sai ya jawo wata kai tsaye daga batir, ya haɗa ta da makunnin fitilar da ya ciro daga bangon ɗakin Ɗantani, ya ɗaure shi kusa da giya. Tiyon mai kuma, da yake maɗaurinsa ya karye, da wayar shanya ya murɗe shi a jikin inji. Ya danna makunni. Daga ƙarƙashin kujerar baya turumba ta amsa, zzzz, siririyar murya mai tsawo. Ya murɗa mukulli. Mota ta tashi.

Wayarsa ta yi ƙara. Su'ad ce.

"Ya usta," ta ce, "sai Malak ta fara tafiya za ka zo? In haka ne mu taho da ƙafa."

"Ga ni nan a hanya, wallahi."

"Tun azahar kake a hanya. An yi mata wanka, an sa mata kwalli, tana jiran baffanta. Kai, Zain, in ka ga goshinta... na yayanka ne sak."

 

"Yalla, ka zo," ta ce a hankali, ta kashe.

Ya fita daga Mayo duhu ya riga ya zauna. Titin babu fitila ko ɗaya. Gawarwakin motocin da aka ƙona suna kwance a gefe, tayoyinsu sun narke sun bar zoben waya. Iska na kawo ƙaurin gawayi da warin kwata. Nan da can mai shayi da 'yar fitilarta, sai kuma duhu mai tsawo.

A wata kwana, kusa da wata ƙonanniyar babbar mota, fitilarsa ta haska mace a tsaye. Ta lulluɓe da tob, dogon mayafin matan nan, mai launin toka. Tana rungume da yaro a ƙirji, an naɗe shi har kai. Ba ta ɗaga hannu ba. Kallon motar kawai take.

Ɗantani bai taɓa wuce mace mai goyo a hanya ba, ko da mota cike take. Zain ya taka birki.

"Ina zuwa, ya hajja?"

"Tsallake," ta ce.

"Umdurman? Can za ni. Shigo."

Bai ji buɗe ƙofa ba sosai. Ya dai ji motar ta nutsa ta baya, fiye da yadda nauyin mace ɗaya zai sa.

Suka kama hanya.

"Ba shi da lafiya ne?" ya tambaya.

"Ƙuna ce."

"Subhanallahi. Wuta?"

"Ruwa."

Hausarta ce ta fara damunsa. Babu Larabci a cikinta ko kalma ɗaya. Irin Hausar kakarsa ce, ta mutanen da suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka suka yada zango a nan. Rabon da ya ji wani ya ja harshe haka tun yana ƙarami.

Sai wari ya fara tasowa. Omo da banzin. Ya shinshina hannunsa, ya ce a ransa ai jikinsa ne. Ya sauke gilashi. Warin bai fita ba. Daga baya yake zuwa, da ɗumi. Ƙarƙashinsa akwai wani wari kuma, wanda hancinsa ya gane amma zuciyarsa ta ƙi kiran sunansa.

Zzzz, in ji turumba.

A cikin zzzz ɗin akwai wani abu yanzu. Yana ja, yana saki. Yana ja, yana saki.

Numfashi ne.

Ya ƙi duba madubi.

Suka wuce abin da ya rage na dajin Sunut, kututture birjik cikin duhu kamar jama'a a tsugune. A bakin gada akwai shingen sojoji. Wani soja ya matso da tocila, ya haska fuskar Zain, ya kai hasken baya. Hasken ya tsaya. Sai ya mutu. Sojan ya ja da baya, bai nemi takarda ba, ya yi masa hannu ya wuce, yana motsa baki.

Suka hau gada. Farin Nilu a ƙasa, faɗi, baƙi, babu motsi.

"Yarinyar da za ka ɗauko," matar ta ce, kamar mai raɗa, "fatarta lafiya lau?"

Ai bai taɓa yi mata zancen yarinya ba. Ko sunan unguwar bai faɗa ba.

"Wace... wace yarinya, hajja?"

"Ta ɗan'uwanka. Mai kwalli."

Gumi ya tsinke masa har cikin ido.

"Mun zauna gidan da ke jikin naku tun da mai shi ta tafi," ta ce. "Ba mu taɓa muku ko tsinke ba. Tare muka zo ƙasar nan da kakanninka, ɗan Hadizatu. Hanya ɗaya, rijiya ɗaya. Sun san yadda ake zama da mu."

"Ban sani ba," ya ce. Muryarsa ta zama ta yaro. "Wallahi ban gan shi ba."

"Ruwa kuskure ne," ta ce.

Taya na bugun mahaɗin gada. Dum. Dum.

"Ƙasar da ka turo da ƙafa fa?"

Ya kafe idonsa a kan hanya.

"A kansa ka tattake."

Suka sauka gada. Fitihab ke nan. Sai a lokacin abin ya faɗo masa gaba ɗaya: ba asibiti za ta ba. Shi ne yake kai ta. Da hannunsa, da motar Ɗantani, har ƙofar ɗiyar Ɗantani.

Ya kai hannu ya kashe makunnin turumba.

Zzzz.

Ya danna, ya sake dannawa. Ya fizge wayar gaba ɗaya, makunnin ya faɗo a cinyarsa.

Zzzz.

Ya murɗa mukulli ya zare. Inji bai ko yi tari ba. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka kunu. Motar ba gudu take ba. A hankali take tafiya, irin tafiyar masu ɗauke da makara.

Ga mararrabar gidan su Su'ad. Ya riƙe sitiyari da ƙarfi zai miƙe. Sitiyarin ya juya cikin hannunsa, a natse, kamar babba na gyara wa yaro riƙo.

Suka shiga layin.

Can gaba, fitilar sola a kan wata ƙofa. Ƙarƙashinta Su'ad cikin farin tob, akwati a gefen ƙafarta, uwarta a bayanta. A hannunta ɗan ƙunshin farin zane.

Ta gane fitilun amjad. Ta ɗaga hannu.

A baya, an fara kwance zane. Yana jin ƙarar yadin na ɓanɓaruwa daga abin da ya manne masa.

"A'uzu billahi," ya ce. "A'uzu..." 

Injin amjad a ƙarƙashin kujerun gaba yake. Ya saki sitiyari. Ya fizge maƙullin kujerar gefe, ya ɗaga ta. Zafi ya bugi fuskarsa. Ya cusa hannu cikin duhu da ƙara. Ya san inda tiyon yake. Shi ya murɗe shi da wayar shanya, ya san ɗaurin ba na kirki ba ne.

Ya kama. Ya ja.

Banzin ya fesa masa har kafaɗa. Ya zuba kan ƙarfe mai zafi ya ce shuu.

Inji ya yi tari. Ya sake. Ya mutu.

Motar ta tsaya. Gidaje kaɗan suka rage.

Su'ad ta fara tahowa, tana dariya, tana gyara riƙon jaririya.

Ya fitar da kai ta taga. "Koma ciki!"

Ta tsaya.

"Su'ad, alek Allah, na roƙe ki, koma ciki ki rufe ƙofa! Mota za ta kama wuta!"

Uwarta ta jawo ta. Ƙofa ta rufe. Akwatin ya rage shi kaɗai ƙarƙashin fitila.

Zai zaro hannunsa daga inji, wani hannu ya riƙe wuyan hannun.

Sanyi ƙalau. Yatsu dogaye. Sun zagaye shi sun haɗu har sun wuce.

Ta kai hannun a hankali kan bututun hayaƙi, inda ƙarfe ya fi zafi. Ta danna.

Ya ji ƙarar fatarsa kafin ya ji zafin.

Bai fizge ba. Ko da zai iya, bai gwada ba.

"Ni ne," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. "Ni na watsa. Na gani, na rufe. Ki yi haƙuri. Ki bar yarinyar nan, ba ta da uba."

Idonsa ya faɗa kan madubi, ba da sonsa ba. Bai ga fuskar matar ba. Wani ɗan hannu ya gani ya fito daga cikin zane, ja jawur, fatar ta saɓule tana reto. Yatsun suna buɗewa suna rufewa, suna neman abin riƙewa.

"Naka hannu ne kawai," ta ce a bakin kunnensa. Numfashinta warin toka mai sanyi. "Shi duk jikinsa ne."

"Zai rayu?"

"Ban sani ba."

A nan muryarta ta karye. Muryar uwa ce, ba wani abu ba. Wannan ya fi komai tsorata shi.

"Ban san ƙofar kowa ba," ta ce. "Kai na sani. Inda ka shiga, nan nake shiga. Wanda ka ɗauka, shi nake ɗauka. In nawa ya tashi, mun rabu. In bai tashi ba..."

Ta saki hannun.

Motar ta ɗaga ta baya, kamar an sauke buhuna.

Turumba ta yi shiru.

Ya faɗo daga mota. Mutanen layin sun fara fitowa da tocila da bokitin ƙasa, suna tambayar ina wutar. Wani ya kira shi. Ya ji muryar Su'ad a bayan ƙofa tana kiran sunansa. Ya juya wa ƙofar baya, ya ruga wajen kogi, hannu a ƙirji, bai tsaya ba sai da ruwa ya kai masa gwiwa.

Washegari wan Su'ad ne ya kai su Mayo a raksha, keken haya mai ƙafa uku. Amjad ɗin an jawo ta daga baya, an ajiye a ƙofar gida, ba wanda ya sake tayar da ita. An ce tiyo ne ya ɓalle, ya sa hannu zai gyara ya ƙone. Kowa ya yarda, don gaskiya ce gwargwado. Hannun ya warke ya bar yatsu biyu a manne.

Zain bai koma gida ba. Ya sami wurin kwana a bayan garejin wani usta a Suk al-Shabi, yana wanke kayan inji da hannu ɗaya da rabi. Ya je wurin wani faki, wato malami, a Soba, ya faɗa masa komai. Fakin ya ba shi rubutu da turare, ya ce ya yawaita istigfari, sauran kuma ba a hannun ɗan Adam yake ba.

Ranar Juma'a yakan je Mayo, ya tsaya a waje, ya aika a kira Inna. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji. Ta ce baƙin cikin ɗan'uwansa ne ya taɓa masa kai. Su'ad ta daina ce masa usta. Yanzu gaisuwa ce kawai, a tsaye, ido a ƙasa.

Wata Juma'a Malak ta rarrafo har bakin ƙofa. Goshin Ɗantani ne, sak. Ta dafa dokin ƙofa ta miƙe, ta ɗago masa hannu biyu.

Ya mayar da nasa hannun baya, ya ja da baya har tsakiyar titi.

"Ko taɓa ta ba za ka yi ba?" in ji Su'ad. "'Yar yayanka ce fa, Zain."

Ya ce hannunsa da baƙin mai. Ta ɗauke 'yarta ta shige.

Kullum da magariba, in kasuwa ta lafa, yakan zauna a tabarmarsa bayan gareji ya kasa kunne. Can jikin bango, inda ba kowa, wata na jijjiga yaro a hankali. Sai numfashin, siriri, yana ja, yana saki. Wani dare yakan yi ƙarfi. Wani dare sai ya riƙe nasa numfashin kafin ya ji shi.

Mutane na roƙon Allah ya raba su da jin irin wannan. Shi kuwa Zain, goshi a ƙasa, roƙonsa ɗaya ne: Allah kada ya kawo magaribar da zai kasa kunne ya ji shiru.